Yadda ake gano matsalar ƙarfin juyi idan ana gwada moton indakshan a kwamfuta

Wata Lahadi bayan la'asar ƙanen maƙwabcina a nan Agege ya yi sallama da laftof a hammata. Ɗalibin injiniyan lantarki ne, yana shekarar ƙarshe, aikin kammalawarsa kuma shi ne ya gina moton indakshan mai layi uku a Simulink, manhajar kwaikwayon injuna a kwamfuta, ya nuna yadda yake ɗaukar lodi. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Yaya, moton nan ya ƙi ni. Sati biyu ke nan ina sauya saiti, ƙarfin juyin ya ƙi kai inda ya kamata." Na tambaye shi nawa ne ya kamata ya kai. Ya yi shiru, sannan ya ce ai yana ganin ya yi kaɗan ne kawai.

Daga nan matsalar take farawa. Moton indakshan shi ne wanda ke cikin famfon burtsatse, da injin niƙa na lantarki, da kwamfuresan ɗakin sanyi na masu kifi, da belin masana'antun Ikeja da Apapa. Tun 1888 da Nikola Tesla ya yi masa rajista ake nazarinsa, lissafinsa ya zauna daram. Idan hoton da kwamfuta ta zana maka ya karkace, da wuya laifin ya zama na akwatin da ke wakiltar moton a cikin manhajar. Kusan kullum wata lamba ce ka sa a gurbin da ba nata ba, kuma girman kuskuren da kansa zai nuna maka wace lamba ce, muddin ka san amsar da kake jira.

Fara da takarda da biro

Rufe laftof ɗin tukuna. Ɗauki bayanin da ke kan farantin moton. A ce kilowat 7.5 ne, bolt 400, hez 50, yana juyi 1440 a minti. Wutarmu a Najeriya hez 50 ce, wato tana kai da komo sau 50 a sakan, don haka gudun maganaɗisun da ke zagaye cikin sitato, ɓangaren moton da ba ya juyawa, shi ne 120 sau 50 a raba da yawan fol, wato kawunan maganaɗisun. Mai fol huɗu zai ba ka 1500. Rota, ɓangaren da ke juyawa, ba ta taɓa kamo wannan gudu, ratar da ke tsakaninsu ita ce silif: 1500 a cire 1440, saura 60, wato kashi 4 cikin ɗari.

Ƙarfin juyi, wanda masu sana'ar ke kira tok, shi ne 9550 sau kilowat a raba da juyi a minti. 9550 sau 7.5 a raba da 1440 ya ba da 49.7 niyutan-mita. Rubuta wannan da girma a saman takarda. Ƙara lambobi uku a ƙarƙashinsa: 1440 a minti daidai yake da radiyan 150.8 a sakan (ma'aunin gudun da akwatin moton ke amfani da shi), 1500 daidai yake da 157.1, gudun wutar kanta kuma 314.2 ne. Rabin rikicin ɗalibai yana cikin cuɗanya waɗannan ukun.

Riƙe gudun, ka karanta tok

Akwai abin da yawancin mutane ba sa lura da shi. Idan moto ya gama tashi ya daidaita, tok ɗinsa kullum daidai yake da lodin da ka ɗora masa, da ɗan ƙari na gogayya. Ka sa masa 30, zai ba ka 30. Ka bar shi ba lodi, zai sauka kusa da sifili, kuma lafiyarsa ƙalau. Na sha ganin wanda ya kwana yana neman laifi saboda layin tok ya kwanta a sifili, alhali bai ɗora wa moton komai ba. Haka kuma, idan boltej ɗinka ba daidai ba ne, ba za ka gani a tok ba, sai dai gudun ya ɗan ragu, karant ya ƙaru. Kuskuren yana ɓuya.

Hanyar fito da shi fili ita ce ka juya gwajin. A akwatin moton, mai suna Asynchronous Machine, akwai wurin zaɓar abin da ke shiga ta ɓangaren shaft: ko tok Tm, ko gudu w. Zaɓi gudu, ka haɗa masa lamba tsayayya, 150.8. Yanzu ka tilasta wa rota ta yi gudun da ke kan faranti, moton ba shi da zaɓi sai ya faɗa maka ainihin ƙarfinsa a wannan silif. Bari ya yi sakan ɗaya ko biyu, ka karanta Te, wato tok ɗin da moton ke fitarwa, a Scope, akwatin da ke zana maka layin. Idan ka ga abin da ke kusa da 50, ɓangaren wuta lafiya yake, tsallake zuwa maganar lodi. Bambancin kashi biyar cikin ɗari ba abin tada hankali ba ne.

Idan ya yi nisa da 50, raba abin da ka samu da 49.7 ka dubi sakamakon da kyau.

Rabi ne, wajen 25? To, ka sa 230 a gurbin da ke neman ƙololuwar boltej. Akwatin AC Voltage Source ƙololuwa yake tambaya, ba abin da mita ke karantawa ba. Bolt 230 da mita ke nunawa tsakanin layi da nutural, wanda a lissafi 230.9 ne, ƙololuwarsa kusan 326.6 ce. Tok yana bin boltej sau boltej, don haka ragin da ya mayar da wuta kashi 70.7 cikin ɗari ya mayar da tok rabi cif. Wannan shi ne ciwon yaron da ya zo wurina. Ya haɗa akwatuna uku, kowanne da 230. Muka mayar da su 326.6, layin ya tashi ya tsaya kusa da 49. Ya kama baki ya ce, "Yaya, sati biyu fa." Na ce masa ai da sauƙi, ni wata guda na yi a zamanina.

Kashi ɗaya bisa uku ne, wajen 16 ko 17? Hanya biyu ke kawo wannan. Ta farko, ka yi amfani da Three-Phase Source, wanda ke neman boltej tsakanin layi da layi, wato 400, amma ka rubuta 230. Ta biyun ta fi wayo. Akwatin moton yana ɗaukar cewa koyil ɗin haɗin sita ne, wato ukun sun haɗu a wuri ɗaya a tsakiya. Idan ka samo rizistans da indoktans daga koyil ɗin moton da ke haɗin delta, inda kowane koyil ke tsakanin layi biyu, dole ka raba kowanne da uku kafin ka shigar. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban fanel na sita-delta a masana'anta ya san wannan kashi ɗaya bisa ukun, shi ne dalilin da ya sa moto ke tashi a hankali a sita kafin kontakta ta jefa shi delta.

Ninki ɗaya da rabi, wajen 75? Ka sa 400 a gurbin ƙololuwar layi ɗaya. Ninki uku, wajen 150? Ka ba kowane koyil cikakken 400. A zahiri irin wannan moto da tuni ya yi hayaƙi an kai shi wurin masu naɗa waya, amma a kwamfuta ba ya ƙorafi, musamman idan ba ka kunna saitin ƙoshin ƙarfe ba, wato iyakar maganaɗisun da ƙarfen zai iya ɗauka.

Idan kuma tok ya fito da alamar ragi, duba abu uku. Jerin layukan: kusurwoyin su kasance 0, da -120, da +120. Musanya biyu daga ciki daidai yake da musanya waya biyu a kan moto na gaske, maganaɗisun zai zagaya ta baya. Sai yawan fol: akwatin yana neman tagwayen fol ne, mai fol huɗu 2 za ka rubuta. Idan ka rubuta 4, gudun maganaɗisu ya koma 750, kai kuma kana jan rota a 1440, moton ya zama janareta. Na uku, tabbatar 150.8 ka sa, ba 1440 ba.

Wani tarko na musamman gare mu: yawancin misalan da ake saukewa daga intanet na Amurka ne, bolt 460, hez 60, gudun maganaɗisu 1800. Mutum ya ɗauko moton can ya haɗa da wutar nan, ko ya bar hez 60 a majiyar wuta ya manta. Cikin jerin motocin da aka riga aka shirya a akwatin akwai na bolt 400 hez 50, har da mai kilowat 7.5 mai juyi 1440. Fara da shi. Idan ya yi aiki, sannan ka sauya lambobinsa da naka ɗaya bayan ɗaya, kana sake gwaji bayan kowace. Lambar da ta ɓata hoton ita ce mai laifi.

Lambobin cikin moton

Littattafan aji suna ba da riyaktans a om, akwatin kuma indoktans yake so a henri. Raba da 314.2. Riyaktans na om 1.5 ya zama henri 0.00477. Wanda ya rubuta 1.5 kai tsaye ya toshe wa karant hanya, tok zai zama kamar babu. Haka wanda ya ga milihenri 124 ya rubuta 124 maimakon 0.124.

Rizistans na rota kuma wanda aka mayar ɓangaren sitato ake nufi, shi ne mai ɗan alama a kansa a littafi. Shi ke riƙe da silif. A kusa da gudun aiki, idan ka ninka shi biyu, silif zai ninka biyu a lodi ɗaya. Don haka idan komai ya yi kyau amma moton yana tsayawa a 1380 maimakon 1440, nan za ka fara dubawa. Indoktans na maganaɗisu shi ne babba, ya ninka na yoyo sau da yawa. Idan ka ga sun yi kusa da juna, an yi kuskuren kwafi.

Sai maganar pu. Akwatin iri biyu ne, mai ma'aunin SI da mai pu, inda ake auna komai a matsayin kaso na ƙarfin moton. A na pu, cikakken lodi kusan 1 ne. Ka tura masa 49.7, ka ɗora masa lodin moto hamsin ke nan. A can kuma ba nauyin juyawa J ake tambaya ba, H ake tambaya, wato madadinsa da ake aunawa a sakan.

Masu rubuta lissafin da hannunsu, a MATLAB ko Python ko Scilab, suna da nasu ramin. Sauyin Clarke da na Park, wanda Robert Park ya wallafa a 1929, suna da siga biyu. A wadda ke riƙe girman karant, mai 2/3 a gaba, lissafin tok yana buƙatar 3/2. A wadda ke riƙe ƙarfin wuta, babu 3/2. Ka ɗauko sauyin daga littafi ɗaya, lissafin tok daga wani, sai ka samu 33 ko 75 a maimakon 50. Ka manta ninkawa da tagwayen fol, ka samu rabi. Kuma gudun da ke shiga lissafin rota na lantarki ne, wato gudun shaft sau tagwayen fol.

Mayar da shi kan lodi

Yanzu koma zaɓin Tm. A wannan akwati lamba marar alamar ragi tana nufin moto yana jan kaya, mai alamar ragi tana nufin ana tura shi ya zama janareta. Silif na farawa ya zama 1, alamar cewa rota a tsaye take.

Kada ka ɗora lodi tun daga sakan sifili. Sa akwatin Step, lodi ya shigo bayan sakan ɗaya, lokacin da moton ya gama tashi. Dalili shi ne lodin da ka rubuta a matsayin lamba tsayayya ba irin na injin niƙa ba ne, wanda idan ya fi ƙarfin moto sai kawai ya ƙi motsi. Irin na guga cike da ruwa ne a bakin rijiya: idan hannunka ya gaza, gugan zai ja ka ƙasa. Idan lodin ya fi tok na tashi, kwamfuta za ta juya moton baya, gudun ya yi ta nutsewa ba iyaka. Mutane da yawa suna ganin wannan su ɗauka jerin layuka ne ya juye.

Idan famfo ko fanka kake kwaikwaya, lodinsu yana bin gudu sau gudu. Raba 49.7 da 150.8 sau 150.8, za ka samu kusan 0.00219. Ɗauko gudu ta Bus Selector, ka ninka shi da girman kansa ba tare da alama ba, ka ninka da wannan lamba, ka mayar cikin Tm. Irin wannan lodi yana farawa daga sifili, don haka ba ya buƙatar Step.

Nauyin juyawa J shi ke yanke tsawon lokacin tashi, domin abin da ya rage bayan an cire lodi da gogayya daga tok shi ke ƙara gudu. Idan J ya yi girma, moton bai gama tashi ba lokacin gwajin ya ƙare, kai kuma ka ga tok a sama ka ɗauka nan ya tsaya. Ƙara lokaci ka gani. Idan ya yi ƙanƙanta, gudun zai yi ta rawa. Kuma J na moto da na abin da yake ja ake haɗawa. Gogayya F ma a duba ta: idan ba lodi amma tok ya tsaya a 15, wataƙila ka rubuta 0.1 a wurin, domin 0.1 sau 157 kusan 15.7 ne.

Gwada iyakarsa kuma. Ƙara lodi a hankali har gudun ya faɗi gaba ɗaya. Moto na yau da kullum yana kai ninki biyu zuwa uku na tok ɗin farantinsa kafin ya sare. Sannan rage boltej zuwa kashi 80 cikin ɗari ka maimaita: iyakar za ta sauko zuwa kashi 64. Wannan shi ne abin da ke faruwa da famfon gidan haya idan wuta ta zo da rauni da yamma, ya yi ta gurnani yana zafi ba ya ɗago ruwa.

Idan layin yana rawa

Ba kowace rawa ce cuta ba. Lokacin tashi, tok yana hawa da sauka da ƙarfi a kan hez 50, har yakan leƙa ƙasa da sifili, karant kuma ya kai ninki biyar zuwa bakwai. Wannan gaskiyar moton ce, tana lafawa da kanta. Wadda ta ƙi lafawa bayan gudu ya daidaita ita ce abar bincike, kuma saurinta shi ke faɗin asalinta. Buɗe akwatin powergui, ka yi amfani da FFT Analysis, wanda ke nuna maka saurin rawar a hez, ko ka faɗaɗa hoton ka ƙirga da ido.

Rawa a hez 100 tana nufin layukan uku ba su yi daidai ba: ɗaya ya fi sauran boltej, ko an rubuta kusurwa 12 a maimakon 120, ko waya ɗaya ba ta haɗu ba. A Simulink wayar da ba ta kama ba takan zama jan layi mai ɗigo-ɗigo, amma idan zanen ya cushe ido yakan tsallake ta. Rawa a hez 300 daga inbata mai taku shida take, hamonik na biyar da na bakwai ne ke haifar da ita. Ƙananan haƙora masu sauri sosai na kunnawa da kashewar inbata ne, ba a raba su da ita, sai dai a rage su.

Wadda ba ta da tsari, ko wadda ke girma har lambobi su fashe, ta lissafin kwamfuta ce. A nan ne kaɗai ya kamata ka taɓa solba, wato hanyar da kwamfuta ke bi tana warware lissafin taku-taku, kuma ka ga sai yanzu muka iso gare ta, alhali ita ɗalibai ke fara murɗawa. Gwada solba mai suna ode23tb, ka ƙayyade mafi girman taku. Idan a yanayin taku tsayayye kake, maikirosakan 50 yakan isa ga wuta kai tsaye, amma inbata mai kunnawa sau 5000 a sakan zagayenta ɗaya maikirosakan 200 ne kacal, taku huɗu ba za su zana shi ba. Sauka zuwa maikirosakan 1 ko 2. Gwajin mai sauƙi ne: raba takun biyu, sake gudu. Idan hoton ya sauya, ba ka kai ba tukuna.

Akwai kuma wani hali na wannan akwati: ana lissafa shi kamar majiyar karant, don haka ba ya son a jera shi kai tsaye da indoktans, kamar tiransifoma ko dogon kebul. Maganin shi ne ɗan ƙaramin lodin rizistans a bakin moton, kaso kaɗan na ƙarfinsa. Kada ka manta da shi idan ka zo lissafin ƙarfin da aka ci.

Masu inbata

Ƙa'ida ɗaya nake ba kowa: moton ya fara aiki da wuta kai tsaye kafin ka sa masa inbata. Idan ka haɗa duka a lokaci guda, ba za ka san wa ke ƙarya ba.

A tsarin da ke riƙe boltej da firikwansi tare, rabon shi ne 400 bisa 50, bolt 8 kowane hez. A ƙananan gudu rizistans na sitato yana cinye kaso mai yawa na wutar, tok ya raunana, sai an ɗan ƙara boltej. Duba batirin ko layin DC ɗin ma: wutar 400 da aka miƙar tana ba da kusan bolt 565, kuma da sauƙaƙan salon PWM na sayin, wato yadda inbata ke kunnawa da kashewa don kwaikwayon wutar layi, ba za ka fitar da cikakken 400 daga ciki ba, kusan 346 za ka samu. Tok ya ragu zuwa kashi 75 cikin ɗari ba tare da ka taɓa komai a moton ba. A tsarin bekta kuma, inda ake sarrafa maganaɗisu da tok daban-daban, bari maganaɗisun rota ya ginu tukuna kafin ka nemi tok, sannan rizistans da indoktans na rota da ke cikin kwantirola su zama daidai da na moton, in ba haka ba kusurwar za ta zame, tok ɗin da ka nema daban, wanda ka samu daban.

Yaron ya dawo bayan kwana goma, wannan karon da takardar kamfanin da ya ƙera moton. Ya ce, "Yaya, a gudun aiki komai ya yi daidai, amma tok na tashi bai kai abin da suka rubuta ba." Wannan kam ba kuskurensa ba ne. A moto na gaske, lokacin tashi karant ɗin rota yana kan hez 50, yana taruwa a saman sandunan da ke cikin rota, waɗanda ake kira keji, rizistans ya ƙaru, tok na tashi ya ƙaru da shi. Da gudu ya kama, firikwansin rota ya sauko zuwa hez 2, karant ya bazu cikin sandar duka. Akwati mai keji ɗaya rizistans ɗaya ya sani, don haka ba zai gamsar da wuraren biyu a lokaci guda ba. Na nuna masa zaɓin keji biyu a cikin saitin rota, na ce idan lambobinsa ba su samu ba, ya rubuta a babi na huɗu cewa ya daidaita moton ne a gudun aiki, ya sa lambar kamfani da tasa gefe da gefe, ya bayyana dalilin ratar. Ya kwafe wannan a bayan takardar, ya tashi da sauri don ya samu motar Oshodi kafin gosulon yamma ya haɗu.